Kamu Biyu Daga Cikin Lungu

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Maganar gaskiya ce, sai dai iyakarta bakin indararo. Da zarar ruwan ya bar rufi ya zubo waje, sanin inda zai nufa ya fita daga hannun mai ɗaki, ya koma hannun maƙwabcin da ke gangare da shi, da tsohon da zai ratsa lungu zuwa sallar asuba, da ɗan ga-ruwan da zai turo kurarsa da hantsi. Kowane gida fuska biyu gare shi. Ta ciki ta mai gida ce da iyalinsa, ba mai tambayarsa don me ya kafa murhu a gabas ko turke a yamma. Ta waje kuwa, wato bayan katanga da ƙofar gida da dakali da tagar da ke kallon hanya, ko da shi ya sayi siminti ya biya magini, jama'a suna da haƙƙi a cikinta. Tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya ita ce, wa zai tsare wannan haƙƙi, kuma da wace sanda?

A Potiskum aka haife ni, ko Fataskum kamar yadda ya fi sauƙi a bakin Bahaushe. Gari ne na hanya da kasuwa. Tun da aka dawo da mazaunin Mai Fika nan a 1924, garin bai daina karɓar baƙi ba. Ngizimawa da Bolewa da Karekare da Barebari da Fulani da Hausawa duk suna cikinsa, kuma da Hausa ake ciniki. Kasuwar shanunsa tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, tirelolinsa kuwa babu babban titin ƙasar nan da bai san tayarsu ba. Da aka ƙirƙiro Jihar Yobe a 1991 aka ba Damaturu kujerar gwamna, amma hada-hadar kuɗi ta ƙi tashi daga inda ta saba. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum sama da dubu 200, kuma duk wanda ya san Tsohuwar Kasuwa ko Dogo Tebo ko Yerimaram a wancan lokaci, ya koma yau, ba ya bukatar a sake ƙidaya kafin ya san an ƙaru. Inda mutane suka ƙaru ƙasa ba ta ƙaru ba, kowane kamu na bakin hanya kuɗi ne. Wannan shi ne tushen rigimar da zan ba da labari.

Kafin in kai ga labarin, bari in tuna wa mai karatu irin fuskar gidan da muka taso muka tarar. Zaure ne a gaba, sai dakali a gefen ƙofa. Dakalin nan abin lura ne ƙwarai, domin mai gida ne ya gina shi amma ba a cikin filinsa yake ba. Yana shimfiɗa buzu a kai ya karɓi gaisuwa, 'yarsa tana ajiye farantin gyaɗa ta yi talla, baƙo yana ɗaure jakinsa a gindinsa, almajiri yana fakewa daga rana. Duk wannan halal ne. Abin da ba a yi shi ne a kewaye shi da bango a ce ya zama ɗaki. Malaman fiƙihu suna kiran wannan ɗan fili na jikin katanga fina'i, wato wurin da mai gida ya fi kowa cancantar ya amfana da shi, amma bai mallake shi ba. Tsofaffinmu ba su san sunan ba, hukuncin kuwa sun san shi kamar yunwar cikinsu. Haka kuma sun san ba a buɗe ƙofa ta fuskanci ƙofar maƙwabci daidai wa daida, ba a huda taga inda ido zai faɗa tsakar gidan wani, ba a haƙa masai a jikin rijiyar maƙwabci. Idan kaka ta yi za a hau soro yaɓe, sai an aika yaro gida-gida ya faɗa, don mata su kintsa. Ban taɓa ganin an rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan a allo an kafa a bakin unguwa ba.

Ashe a rubuce suke, mu ne ba mu lura ba. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996, littafin da kusan kowane ɗalibin zaure ya ratsa, ta ambaci tagar da ke tone asirin maƙwabci da ƙofar da ke kallon ƙofarsa da ramin da zai cutar da shi ko da a cikin filinka ka haƙa, ta sa su duka a babin cutarwar da aka hana. A hadisi kuma an yanke faɗin hanya zira'i bakwai idan mutane suka yi saɓani a kanta. A ƙarni na 14 wani babban magini na Tunis mai suna Ibnur Rami, wanda alƙalan birnin suke aikawa ya duba gine-ginen da ake shari'a a kansu, ya rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini. A nan ƙasarmu ma Alƙalin Gwandu Idrisu ɗan Halidu ya tattara irin waɗannan mas'aloli a cikin littafin da ya kammala a 1836. Daga Sakkwato har Barno mazhabar ɗaya ce, saboda haka ma'aunin ma ɗaya ne. Abin da ya fi burge ni game da ma'aunin shi ne ƙanƙantarsa. Bai damu da ko gidanka ya yi kyau ba. Tambaya ɗaya yake yi, shin ka cuci wani? Cutar kuwa ta hanya uku take zuwa galibi, ta ruwa, ta ido, da ta toshe hanya.

Daga baya doka ta biyu ta zo ta sauka a kan ta farko, kamar baƙon da bai yi sallama ba. Turawa sun kafa dokar birane a 1917, suka ware wa kansu unguwanni masu faɗin titi, waɗanda muka gada da sunan Jiyare. Suka bi ta da dokar tsara birane a 1946. A zamanin En'e akwai duba-gari, wanda iyayenmu mata suke jin tsoronsa fiye da ɗan doka, don yana leƙa randa yana duba kwata. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha amana a hannun gwamna, ita kuma dokar tsara birane ta 1992 ta ce ba a gini sai da izini. A takarda ke nan. A cikin lungu kuwa, inda mafi yawan filaye gado ne ko awon igiya, mutum yakan haifi 'ya'ya ya aurar da su bai taɓa kai taswirar gini ofis ba. Aka wayi gari da hukuma biyu, ɗaya tana da takarda ba ta cika shiga lungu ba, ɗaya tana cikin lungu ba ta da takarda. Mai wayo kuwa ya san yadda zai bi ta tsakaninsu ya wuce.

Kwamitin unguwarmu ba don gini aka kafa shi ba. Tsoro ne ya haife shi. Bayan harin da aka kai kasuwar shanu a watan Mayu na 2012, da dokar ta-ɓaci ta 2013, da bam ɗin da ya tashi a cikin 'yan makaranta a watan Nuwamba na 2014, fuskar gidajen garinmu ta sauya cikin 'yan shekaru fiye da yadda ta sauya a shekara hamsin. Katangu suka ƙara tsawo, aka jera musu fasassun kwalabe, ƙyauren katako ya ba na ƙarfe wuri. Hirar dakali ta mutu na wani lokaci, domin dokar hana fita ba ta san dattijo ba. A wannan yanayi muka haɗu muna tara kuɗin masu gadin dare, kuma da yake ni malamin makaranta ne aka ɗora mini alƙalami, na zama magatakarda. Da ƙura ta lafa kwamitin bai watse ba. Ya koma yashe kwata da sulhunta faɗan yara da tara gudummawar jana'iza, a ƙarƙashin Bulama, wanda mutanen yamma suke kira mai unguwa.

To, a bakin lungunmu akwai wani tsohon gida na ƙasa mai babban zaure. Mai shi ya rasu, magada suka yi yawa, gida ya ƙi rabuwa, aka sayar aka raba kuɗi. Wanda ya saya wani Alhaji ne dillalin shanu, mutum mai fara'a da sakin hannu, wanda bai wuce shekara arba'in da biyar ba. Cikin mako guda zaure ya zama tarin ƙasa. Ba wanda ya ce uffan, don gidansa ne. Aka haƙa harsashi, aka fara jera bulo, sai da gini ya kai ƙirji sannan idon mutane ya gane cewa sabon bangon ba a kan sawun tsohon ya hau ba. Ya haɗiye dakali, ya ƙara da ɗan abin da ke gabansa. Shaguna uku aka fitar masu kallon titi, aka ɗora bene a kansu, aka zuba daɓen siminti mai tudu a gefen lungu don kada ruwa ya kwanta a jikin bango.

Ruwa kuwa ba ya rasa hanya. Bayan gidan Alhaji, a ɗan gangare, akwai gidan wata tsohuwa da duk unguwa ke kira Iya, mijinta ya daɗe da rasuwa, tana riƙe da jikoki huɗu da kuɗin ƙosai. Shekara da shekaru ruwan lungu yana bi ta tsakiya ya fita titi. Da daɓen nan ya tare shi, sai ya juya ya dinga kwanciya a gindin katangarta. Katangar ƙasa ce. Ruwan farko ta jure, na biyu ta jiƙe, cikin watan Agusta da daddare ta zauna, ta tafi da rabin ɗakin da yaran suke kwana. Allah ya kiyaye, a daren suna ɗakin kakarsu saboda yoyo. Da safe na je jaje na tarar da ita tana tsince kwanoni daga cikin laka.

“Iya, sannu da wannan abu. Allah ya mayar da alheri.”

“Amin, ɗan nan. Kai da kake riƙe da littafi, ka rubuta. Shekara talatin da ɗaya ina cikin gidan nan, ruwa bai taɓa yi mini sallama ba sai bana.”

Na rubuta. Bulama ya sa ranar zama bayan la'asar a ƙofar gidansa, ya aika aka kira Alhaji, shi kuma, a faɗi gaskiya, bai ƙi zuwa ba. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gai da dattawa ɗaya bayan ɗaya. Bulama tsoho ne mai sanyin murya, ya fara da nisa kamar yadda suke yi, ya yi maganar zumunci da haƙƙin maƙwabtaka, sannan ya gangaro.

“Alhaji, kai ɗana ne. Ba wanda yake baƙin ciki da abin da Allah ya ba ka. Amma mutane sun ce ka shiga hanya, kuma ga abin da ya sami uwarka.”

“Ranka ya daɗe, abin da ya sami Iya ya same ni, kuma ni zan gyara mata. Amma maganar hanya, ga takardar ciniki. Daga inda magada suka nuna mini, daga nan na fara. Kuma Baba, in za a yi awo, ina roƙon a auna lungun gaba ɗaya, kada a tsaya a ƙofata.”

Wurin ya yi tsit. Maganar ta yi ɗaci ne saboda akwai gaskiya a cikinta. Washegari da safe muka ɗauko igiya, wani tsohon magini ya auna ta da hannunsa ya ƙulla ƙulli a kowane kamu, muka fara daga ƙuryar lungu muka nufo baki. Ban taɓa yin aikin da ya tona asirin unguwa kamar wannan ba. Wani ya haƙa ramin masai a waje ya rufe da siminti, ya ci kamu ɗaya. Wani ya gina wa janareto ɗan keji. Wani ya fitar da matakala uku. Tela ya kafa rumfar kwano da ƙafafun ƙarfe. Masallacin unguwa kansa, da aka faɗaɗa shi shekarun baya da gudummawar kowa, wurin alwalarsa a kan hanya yake zaune. Rumfar da muke zaman shari'ar a ƙarƙashinta ma, da igiya ta zo wucewa, sai da tsohon maginin ya yi tari ya kau da kai. A ƙurya, inda talakawa suka fi yawa kuma ba mai kuɗin siminti, lungun kamu bakwai ne cif, kamar wanda ya yanka shi ya san hadisin. A baki, gaban shagunan Alhaji, kamu biyar muka samu. Keke Napep yana shiga. Mota kuwa, ko ta mai naƙuda ce, sai dai ta tsaya a titi a fito da mara lafiya a hannu.

A zama na biyu samari suka zo da zafinsu. Wani daga cikinsu, wanda ya yi aiki a Abuja ya ga yadda ake tafiyar da rukunin gidaje masu ƙofa ɗaya, ya ce maganin abin shi ne mu yi tsarin mulki a rubuce, kowa ya sa hannu, kada wanda ya ƙara ko bulo ɗaya a waje sai da izinin kwamiti, a sa tara, a ma daidaita tsawon katanga da launin fenti don unguwa ta yi kyan gani. Ya kawo misalin Amurka, kuma bai yi ƙarya ba. A can mutum sama da miliyan 70 suna zaune a unguwannin da ƙungiyoyin masu gidaje ke mulki. Ranar da ka sayi gida ka shiga ƙungiya, ko kana so ko ba ka so, domin sharuɗɗan a jikin takardar gidan suke, suna bin gida daga hannu zuwa hannu. Akwai ɗan kwamitin da sai ya yarda kafin ka sauya launin ƙofa ko ka kafa shinge. In ka saɓa a aiko maka da takardar gargaɗi, sai tara, in tara ta taru a ɗora ta bashi a kan gidan, a wasu jihohin har takan kai a yi gwanjonsa.

Na saurare shi da kyau, kuma na fahimci abin da ya ja hankalinsa, wato sanda. Su suna da ita, mu ba mu da ita. Amma na ce a zaman, kuma har yau ra'ayina ke nan, cewa dokar tasu da tamu ba abu ɗaya suke gadi ba. Tasu darajar gida a kasuwa take karewa, shi ya sa take damuwa da fenti da tsawon ciyawa, don kada gidan maƙwabci ya rage wa naka kuɗi. Dokar da ke gadin farashi kuwa ba ta da wuyar komawa gadin irin mutanen da za su shigo. Irin waɗannan sharuɗɗa na jikin takardar gida an daɗe ana amfani da su a Amurka don hana baƙar fata sayen gida a wasu unguwanni, sai a 1948 Kotun Ƙolin ƙasar ta hana kotuna tilasta su. A lungunmu, ranar da aka ce kowa ya yi fenti iri ɗaya, Iya ce farkon wadda za a ci tara, Alhaji kuwa kafin magariba ya gama nasa.

Akwai kuma darasin da gidajen gwamnati suka koya mana. Duk wanda ya ga gidajen Shagari da aka gina a garuruwan ƙasar nan a farkon shekarun 1980 ya san yadda aka miƙa su, iri ɗaya kamar ƙwayayen ashana, babu zaure, babu katangar da za ta suturta mace in ta fito tsakar gida. Je ka duba irinsu yau a ko'ina cikin Arewa. Da wuya ka gane ainihin ginin, domin kowa ya kewaye nasa, ya fitar da zaure, ya ƙara ɗakin samari, ya buɗe shago. Ba taurin kai ne ya sa su ba. Wanda ya zana gidan bai tambayi yadda mutanen ke rayuwa ba, su kuma suka gyara masa zanensa da bulo. Dokar da ta ce kada a taɓa fuskar gida sam, a garin da gida yake girma tare da iyali, an haife ta ne a mace.

Saura maganar sanda. Mu ma muna da ita, sai dai irin wadda ba a so a ɗaga. Wani dattijo ya kawo ta a fili, ya ce in Alhaji ya ƙi rushe bangon, a daina amsa gayyatarsa, kada a je masa suna, kada a je masa ɗaurin aure, a bar shi da kuɗinsa. Wannan ita ce tarar unguwa tun kaka da kakanni, kuma ta fi ta Amurka zafi, don ba a biyan ta da kuɗi. Bulama ya daɗe bai ce komai ba. Da ya buɗe baki sai ya ce shi ba zai raba unguwa biyu a kan kamu biyu ba, domin rabin samarin da ke zaune a nan a kasuwar shanu suke ci a ƙarƙashin mutumin, kuma hukuncin da rabin jama'a ba za su iya bi ba, wanda ya yanke shi ya wulaƙanta kansa. Wasu suka ce a kai ofis. Ya ce a kai, amma kowa ya sani in ma'aikaci ya shigo da jan fenti ba bango ɗaya zai shafa wa ba, kuma ya waiwaya ya dubi wurin alwalar masallaci. Ba wanda ya sake tayar da maganar.

Abin da aka ƙulla a ƙarshe ni na rubuta shi da hannuna, shafi ɗaya da rabi. An raba abin da ke kan hanya gida biyu. Wanda ake iya ɗagawa, kamar rumfa da benci da kejin janareto, an bar wa mai shi matuƙar bai tare ruwa ba, da sharaɗin ranar da aka bukaci hanya zai kawar. Wanda aka yi wa harsashi kuwa, abin da ya riga ya tsaya ya tsaya, amma daga ranar ba mai sake haƙa rami a wajen tsohon sawun katangarsa sai Bulama da maƙwabtansa na dama da hagu da na gaba sun tsaya a wurin. Alhaji ya ɗauki nauyin fasa daɓensa, ya gina magudanar siminti tun daga ƙofar Iya har babbar kwatar titi, ya tayar mata da katanga da ɗaki na bulo. Tagogin bene biyu da ke kallon tsakar gidajen mutane aka toshe su, aka huda wasu ƙanana can sama kusa da rufi. A kan tagogin bai yi musu ko kaɗan ba, har ya ce shi ma ba zai so a leƙa masa iyali ba. A kan bangon kuwa ko taƙi bai matsa ba.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Saurayin nan na Abuja ya ce mun sayar da hanyar jama'a da ɗaki ɗaya, kuma mun koya wa masu kuɗi cewa a fara gini tukuna, a nemi sulhu daga baya. Ban iya ce masa ƙarya yake yi ba. Tela kuma ya yi ta gunaguni cewa shi da rumfarsa ta kwano an sa masa sharaɗi, mai bene kuwa an ce nasa ya tsaya, wato laifin da aka yi da siminti ya fi wanda aka yi da kwano samun gafara. Ita ma wannan magana ban sami amsarta ba, illa dai na san Ibnur Rami da alƙalansa sun sha hukunta a rushe abin da ya ci hanya, amma su suna da sarki a bayansu, Bulamanmu kuwa ba shi da kowa sai girman da ake ba shi. Iya dai da na kai mata labari cewa ta yi, “Ni ruwa ya bar ni. Hanya kuwa taku ce, ku maza, ku kuka san abin da kuka yi da ita.”

Bayan kaka ta biyu aka gwada takardar. Wani maƙwabci a tsakiyar lungu, mai ɗan hali, ya kawo lebura da sassafe suka fara haƙa a gaban dakalinsa. Kafin rana ta ɗaga yara sun kai labari. Bulama ya taso da sandarsa, bai aika kowa ba, ya zo ya tsaya a bakin ramin, ya yi sallama, ya tambayi lafiyar iyali, ya ce a kawo masa kujera. Aka kawo. Ya zauna a nan, ƙafafunsa a kan ƙasar da aka tono, yana jan carbi, mutane suna wucewa suna gaishe shi. Leburori suka jingine diga. Mai gidan ya fito ya shiga ya fi sau uku, ya kawo maganar Alhaji, Bulama ya ce a kira magatakarda ya karanta abin da shi mai gidan ya sa wa hannu. Na karanta. Wajen azahar ya ce wa leburorin su mayar da ƙasa, ya biya su kuɗin yini.

Tun daga ranar muka kafa guntayen ƙarfe a gindin kowace katanga, aka zuba musu siminti. Kowace shekara kafin ruwan farko, ranar da ake yashe kwata, tsohon maginin nan yakan ɗauko igiyarsa mai ƙulli mu bi lungun daga ƙurya zuwa baki, ni kuma ina biye da littafi. Awon bana bai bambanta da na bara ba, kamu bakwai a ƙurya, shida da rabi wajen masallaci, biyar a ƙofar Alhaji, wanda yanzu shi ne ma'ajin kwamiti, kuma shi yake sayen lemon da ake sha in an gama awo.